YADDA AKA KOYI MIƘE ƘAFAFUN YARA DA ƘARA WA ƘASHI TSAWO

'Yan'uwa, lokacin jubili lokacin waiwaye ne. A cikin waɗannan shafuffuka muna so mu waiwaya mu dubi aiki guda ɗaya daga cikin ayyukan asibiti, watau gyaran ƙafafun yaran da aka haifa da nakasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Babu garin da ba shi da irin waɗannan yara. Mun san su a bakin kasuwa da ƙofar tasha. Wani yana taka gefen ƙafarsa har wurin ya yi kanta, wani kuwa yana ɗingishi domin ƙafa ɗaya ba ta kai 'yar'uwarta tsawo ba. Da yawa cikinmu mun tashi muna jin manya suna cewa haka aka halicce su, sai haƙuri. Ga shi kuwa yau ana miƙe yawancin waɗannan ƙafafu. Sanin da a ke yin aikin da shi an fi shekara 2,000 ana tara shi, hannu ya miƙa wa hannu, daga ƙasa zuwa ƙasa, har ya iso gare mu.

IRIN NAKASAR DA MU KE NUFI

Wadda ta fi yawa ita ce murɗaɗɗiyar ƙafa. Akan haifi jariri ƙafarsa ta sunkuya ƙasa ta juya ciki, tafin ƙafa yana duban ɗan'uwansa, diddige kuma ya ɗaga sama domin agara ta yi gajarta. Wajen jariri 1 cikin 1,000 a ke haifa haka a ko'ina cikin duniya. Maza sun ninka mata, rabin yaran kuma ƙafafu biyu ne duka su ke murɗewa. Jariri ba ya jin zafinta. Wahalar tana farawa ne ran da ya miƙe tsaye, gama nauyin jikinsa duka zai sauka a kan gefen ƙafa da bayanta.

Ta biyu ita ce gajartar ƙwauri. Tsakanin gwiwa da idon sawu akwai ƙashi biyu: babban ƙashi na gaba wanda ke ɗauke da nauyi, da wani siriri a gefen waje. Wani yaro akan haife shi siririn nan bai cika ba, ko babu shi sam. Sa'an nan sai babban ya tanƙware, ƙafar ta gajarce, wani lokaci har yatsun waje su rasa. Wannan yakan faru ga wajen jariri 1 cikin 40,000. Rashin babban ƙashin kansa ya fi wannan wuyar gani ƙwarai, wajen 1 cikin 1,000,000.

Kada mu haɗa waɗannan da shan inna. Shan inna ciwo ne da ke kama yaro bayan an haife shi lafiya, ya shanye masa ƙafa. An shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta 2020, ko da shi ke ana ci gaba da rigakafi. Amma murɗaɗɗiyar ƙafa ba ta da rigakafi, za a ci gaba da haihuwar yara da ita muddin ana haihuwa.

MUTANEN DĀ

Masarawa sun san gurguwar ƙafa. An sami gawar wani Fir'auna mai suna Siptah, wanda ya yi sarauta kusan shekara 1,200 kafin haihuwar Almasihu, ƙafarsa ta hagu a shanye a sunkuye. Masana suna gardama ko da ita aka haife shi, ko ciwo ne ya same shi yana yaro.

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, a cikin littattafan da a ke danganta su ga Hippocrates, babban likitan Helenawa, an rubuta yadda za a yi da jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. An ce a fara da wuri tun ƙashi bai yi tauri ba, a riƙa lallaɓa ƙafar da hannu a hankali, a ɗaure ta da tsumma, in ta miƙe kuma a yi mata takalmin da zai tsare ta. Mu riƙe wannan a zuciya, gama za mu ga cewa bayan doguwar tafiya kusa da nan aka komo.

Ƙarnuka suka wuce ba a ƙara wani abin kirki a kan wannan ba. Aikin ya zauna a hannun maɗora da maƙera, su ne ke ƙera takalman ƙarfe. Sai a 1803 wani malamin fiɗa a birnin Pavia ta ƙasar Italiya, sunansa Antonio Scarpa, ya buga littafi a kan yadda ƙasusuwan irin wannan ƙafa su ke zaune. Ya nuna cewa ƙasusuwan suna nan cikakku, jirkicewa ce suka yi daga mazauninsu. Ya kuma ƙera wani takalmi mai ƙarfe mai tsalle da zai riƙa jan ƙafar zuwa waje.

WUƘA TA TAƁA AGARA

Abin da ya gagari hannu da takalmi shi ne agara, jijiyar nan mai ƙarfi ta bayan diddige. A zamanin nan likitoci suna tsoron yanka ta, domin babu maganin barci, kuma kusan kowane rauni babba sai ya ruɓe. A 1816 wani likita Bafaranshe a birnin Montpellier, Jacques Delpech, ya gwada yanka ta ta ƙarƙashin fata. Raunin ya yi ruwa, ya daɗe bai warke ba, shi kuwa bai sāke yi ba.

A 1831 wani Bajamushe a birnin Hanover, Louis Stromeyer, ya ɗauki dabarar ya gyara ta. Ya yi amfani da 'yar siririyar wuƙa, ya huda fata ɗan kaɗan, ya datse jijiyar, ya bari raunin ya rufe, kāna ya shiga miƙe ƙafar sannu sannu. Sai ga jijiyar ta sāke haɗewa da kanta, da ƙarin tsawo.

A Landan akwai wani saurayi likita, William John Little, wanda shan inna ya murɗe masa ƙafar hagu tun yana ƙarami. Manyan likitocin Ingila sun gaya masa kada ya bari a taɓa masa agara. Duk da haka a 1836 ya tafi Hanover ya miƙa ƙafarsa ga Stromeyer, ya tashi yana taka tafin ƙafarsa. Ya koyi aikin, ya komo gida, ya yi na farko a Landan a 1837. Daga nan ya tara masu taimako, a 1840 aka buɗe asibiti a birnin musamman domin masu nakasar gaɓoɓi, inda talakawa ke zuwa. Saboda godiya ya sa wa ɗansa sunan Louis Stromeyer Little.

ZAMANIN ƘARFI

Cikin shekaru 50 da suka biyo baya aikin fiɗa ya sāke kama. A 1846 aka fara sa marar lafiya barci da ita a birnin Boston ta Amurka, a 1847 kuma da kulorofom a Edinburgh. Wajen 1852 wani likitan soja na ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, ya fito da bandeji mai farar hoda wanda in an jiƙa shi ya kan daskare, wanda mu ke kira siminti. A 1867 Joseph Lister ya nuna yadda za a kashe ƙwayoyin cuta kada rauni ya ruɓe. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi.

Dukan waɗannan alheri ne babba. Amma tun da shi ke yaro yana barci ba ya ihu, sai likitoci suka sami halin yin ƙarfi. A birnin Liverpool akwai Hugh Owen Thomas, wanda ya fito daga zuriyar maɗora ta ƙasar Wales. Ya ƙera wani ƙarfe mai kama da sifana da a ke kama ƙafar yaro da shi a murɗa ta da ƙarfi har ta miƙe. Waɗansu suka shiga datse jijiyoyin tafin ƙafa, waɗansu suna cire ƙashi. Ƙafar takan fito a miƙe ga ido, amma bayan shekaru sai ta sandare ta riƙa ciwo.

Akwai waɗanda suka ƙi wannan hanya. Wani likita kusa da birnin Atlanta ta Amurka, Hiram Kite, tun daga wajen 1930 ya riƙa koyar da a miƙe ƙafa da hannu da siminti, ba tare da ƙarfi ba. Sai dai hanyarsa tana cin watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. A 1934 Denis Browne na Landan ya bayyana takalmi biyu da aka haɗa su da sandar ƙarfe a tsakani. Duk da haka fiɗa ce ta rinjaya. Daga 1971, sa'ad da Vincent Turco ya bayyana wata babbar fiɗa ta buɗe baya da gefen ƙafa gaba ɗaya, har wajen ƙarshen ƙarni na 20, yawancin yaran Turai da Amurka masu wannan nakasa wuƙa aka sa musu.

ƊAN GUDUN HIJIRA A IOWA

An haifi Ignacio Ponseti ran 3 ga Yuni 1914 a tsibirin Menorca na ƙasar Sifen, ubansa mai gyaran agogo ne. Ya gama karatun likita a Barcelona a 1936, shekarar da yaƙin basasa ya tashi a ƙasar. Ya yi aikin ɗorin sojoji har ɓangarensa ya sha kashi a 1939, ya tsere zuwa Faransa, daga can zuwa Meksiko. A 1941 ya isa jami'ar Iowa ta Amurka.

A can ya bi sawun manyan mutanen da aka yi wa fiɗar ƙafa suna yara, ya tarar da yawa ƙafafunsu sun sandare, ba ƙarfi, suna kuma ciwo. Sai ya koma ya yi nazarin ƙafafun jariran da aka haifa matattu, domin ya ga yadda gaɓoɓin su ke motsi. Ya gane abu biyu. Na fari, ƙasusuwan ƙafar jariri yawancinsu guringuntsi ne, jijiyoyinsa kuma suna miƙewa in an ja su a hankali an riƙe, bayan 'yan kwanaki a iya ƙara ja. Na biyu, akwai wani ƙashi a tsakiyar idon sawu wanda likitoci ke kira talus, sauran ƙasusuwan ƙafa kuwa suna kewaya shi tare, ba ɗaya ɗaya ba. Kadan aka ɗora babban yatsa a kan wannan ƙashi aka tura gaban ƙafa waje, diddige zai bi da kansa. Kite yana danna wani wuri dabam wanda ke tare wa diddige hanya, shi ya sa aikinsa ke daɗewa.

Tun daga 1948 Ponseti ya shiga aiki da wannan sani. Ga yadda a ke yi. Ana fara wa jariri cikin makonnin farko. Kowane mako ana lallaɓa ƙafar na ɗan lokaci, a sa siminti daga yatsu har cinya, gwiwa a tanƙware. Mako na zagayowa a cire a sa sabo, ƙafar ta ƙara juyowa. Sau 5 ko 6 yakan isa. Ga yawancin yara akan datse agara da 'yar wuƙa, kamar yadda Stromeyer ya yi, da allurar kashe zafi kaɗai, a sa siminti na ƙarshe na mako 3. Daga nan sai takalmi biyu masu sanda a tsakani: awa 23 kowace rana har wata 3, sa'an nan da dare kaɗai har yaro ya kai shekara 4 ko 5.

A 1963 ya buga sakamakon yara 67 masu ƙafafu 94. Likitoci kaɗan ne suka kula. Fiɗa ta fi kwarjini, kuma ta fi kawo kuɗi. Shekara 30 da ɗoriya hanyar ta zauna kusan a Iowa kaɗai. A 1995 aka buga binciken waɗanda ya yi wa aiki bayan shekara 30, aka ga yawancinsu ƙafafunsu suna aiki kamar na kowa. A 1996 ya fitar da littafinsa, yana da shekara 82. Iyaye ne suka ƙarasa aikin: suka riƙa gaya wa juna ta intanet, suna ɗaukar jariransu zuwa Iowa, suna ƙin wuƙa, har likitoci suka juyo. Da wannan hanya ƙafa fiye da 90 cikin 100 takan miƙe ba tare da babbar fiɗa ba. Ponseti ya ci gaba da duba jarirai har ya wuce shekara 90, ya rasu a watan Oktoba 2009. Ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka ware domin tunawa da murɗaɗɗiyar ƙafa a duniya.

GAJERIYAR ƘAFA

Yanzu mu juya ga ɗaya matsalar. Siminti yana miƙe abin da ya karkace, amma ba ya ƙara tsawo. In bambancin ƙafafu bai kai santimita 2 ba, ƙarin tudu a takalmi ya isa. In ya yi yawa ƙwarai, abin da likitocin dā suka sani shi ne a yanke ƙafar a sa ta katako. James Syme na Edinburgh ya bayyana a 1843 yadda za a cire ƙafa daga idon sawu a bar fatar diddige mai kauri, domin mutum ya iya taka kututturen.

Wanda ya fara buɗe wata hanya shi ne Alessandro Codivilli na birnin Bologna ta Italiya. A 1905 ya buga labarin yadda ya ke datse ƙashi, ya soka ƙusa ta cikin ƙashin diddige, ya ja da nauyin kilo 25 har zuwa 75. Ƙafa takan ƙaru, amma jan na gaggawa ne, fata takan mutu, jijiyoyi su lalace, waɗansu marasa lafiya har su yi farfaɗiya. Almajirinsa Vittorio Putti ya nuna a 1921 cewa ja na hankali ya fi. Leroy Abbott na birnin St. Louis ya gwada hakanan a kan ƙwauri a 1927. Amma ruɓewa da ƙin haɗewar ƙashi suka yi yawa, har likitoci da dama suka janye hannu.

A 1933 Dallas Phemister na Chicago ya zo da wata dabara. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga wani faifan guringuntsi kusa da gaɓa. In aka tsai da wannan faifai a gwiwar doguwar ƙafa a daidai lokacin da aka lissafta, sai gajeriyar ta kamo ta kafin yaro ya gama girma. Har yanzu ana yin wannan in bambancin bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba. Hasararsa ita ce mutum zai ɗan rage tsawo.

LIKITAN ƘAUYE A SAIBERIYA

An haifi Gavriil Ilizarov a 1921 cikin gidan Yahudawa matalauta, ya girma a garin Kusari cikin duwatsun Azarbaijan. Yana yaro kiwo ya ke yi, bai shiga makaranta ba sai da ya wuce shekara 10. Ya yi karatun likita cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 aka tura shi wani ƙauye mai suna Dolgovka a lardin Kurgan ta Saiberiya. Ba a koya masa aikin ƙashi sosai ba, ga kuma sojoji suna komowa daga yaƙi da karayar da ta ƙi haɗewa.

Wajen 1951 ya ƙera wani keji na ƙarfe. Zobba ne ke kewaye ƙafa, ana soka siraran wayoyi ta cikin ƙashi a gicciye, a ɗaure bakinsu ga zobe, a ja su su yi tauri kamar wayoyin ƙafar keke. Zobe da zobe kuma an haɗa su da sanduna masu zare da noti. Da fari nufinsa ya matse karaya ne domin ta haɗe. Daga baya ya lura cewa in aka juya noti ta ɗaya hannun, aka raba bakin ƙashi biyu a hankali, sabon ƙashi yakan tsiro ya cika tsakani.

Ya yi shekaru yana gwaji a kan karnuka har ya gane ƙa'idar. Sai a datse ƙashi da lallami, a tsare fatar ƙashi da jijiyoyin jini. A dakata kwana 5 zuwa 7 har ɗanyen ɗori ya fara. Sa'an nan a riƙa ja milimita 1 kowace rana, a raba shi kashi 4, watau rubu'in milimita kowane juyi. In aka yi sauri, ƙashi ba zai tsiro ba. In aka yi jinkiri, zai haɗe kafin a kai inda a ke so. Kuma ba ƙashi kaɗai ke ƙaruwa ba, har da tsoka da fata da jijiyoyi. Mai ciwon kuwa ba a kwantar da shi, yana taka ƙafar da kejin a jikinta, gama tafiya tana ƙarfafa sabon ƙashi.

Mu yi lissafi. Yaron da a ke so a ƙara masa santimita 5 zai yi kwana 50 ana juya noti. Bayan wannan zai yi wajen ninki biyu na kwanakin nan yana jiran ƙashi ya yi tauri. Jimla wajen wata 5 ke nan, watau kamar wata ɗaya ga kowane santimita.

YADDA LABARI YA FITA

Manyan likitocin Mosko sun daɗe suna raina likitan ƙauye. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne ƙafar wani ɗan wasa. Valery Brumel ya yi tsallen sama na mita 2.28 a 1963, wanda ba wanda ya taɓa yi kafinsa, ya kuma ci zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo a 1964. A watan Oktoba 1965 babur ya kā da shi, ƙwaurinsa na dama ya ragargaje. An yi masa fiɗa fiye da sau 20, ƙashi ya ruɓe, ƙafa ta gajarce. A 1968 ya tafi Kurgan. Ilizarov ya haɗa ƙashin ya mai da tsawonsa, har Brumel ya sāke tsallake mita 2. Daga nan gwamnati ta kula, aka kafa babbar cibiya a Kurgan a 1971, aka ba shi lambar Lenin a 1978.

Fitar labarin zuwa Turai ta Yamma kuwa ta biyo ta wata hanya da ta taɓa yankinmu. A 1969 wani mutumin Norway, Thor Heyerdahl, ya so ya haye Tekun Atlantika cikin jirgin ciyawa. Ya ɗauko gwanayen ɗaurin irin wannan jirgi daga Tafkin Cadi suka ɗaura masa a Masar, ɗaya daga cikinsu ma ya shiga tafiyar. Sunan jirgin Ra, ya tashi daga Safi ta ƙasar Maroko. A cikinsa akwai wani Ba'italiye mai hawan duwatsu, Carlo Mauri, da wani likita ɗan Rasha, Yuri Senkevich, suka ƙulla abota. Mauri yana fama da tsohuwar karaya a ƙwauri wadda ta gagari likitocin ƙasarsa shekaru da yawa. Abokinsa ne ya nuna masa hanyar Kurgan. A 1980 ya tafi, ya komo da ƙafa lafiyayya. Likitocin Italiya suka yi mamaki, suka gayyaci Ilizarov ya yi musu bayani a garin Bellagio a 1981. Daga Italiya aikin ya bazu zuwa Turai da Amurka. Ilizarov ya rasu a 1992.

Bayansa an yi ƙari. Cikin shekarun 1990 aka fito da keji mai sanduna 6 wanda kwamfuta ke lissafta juyinsa, yana miƙe tanƙwara yana ƙara tsawo a lokaci guda. Daga 2011 kuma ana amfani da sanda da a ke sawa cikin ramin ɓargo, wadda maganaɗisu ke miƙa ta daga waje.

Sai mu faɗi gaskiya, wannan aiki ba mai sauƙi ba ne. Bakin wayoyi yakan yi ruwa, gwiwa da idon sawu sukan sandare in ba a motsa su kullum, akwai kuma zafi. Yaron da aka haifa ba siririn ƙashi, in bambancin ya yi yawa, sai an gyara masa idon sawu tukuna, kāna a ja ƙafar sau 2 ko 3 kafin ya gama girma. Saboda haka har yau, in tafin ƙafar ya lalace ƙwarai, likitoci sukan shawarci iyaye a yi aikin Syme tun yaro yana wajen shekara ɗaya, a yi masa ƙafar roba. Irin waɗannan yara suna tafiya, suna gudu, suna zuwa makaranta. Zaɓi ne mai nauyi, ya kamata iyaye su ji bayanin hanyoyin biyu sosai kafin su yanke shawara.

ZUWA AFIRKA

Kejin Ilizarov yana bukatar gwanin likita da hoton ƙashi da kuɗi, domin haka sai a manyan asibitoci a ke samunsa. Hanyar Ponseti kuwa siminti ne da hannu da takalmi. Yawancin jariran da a ke haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, wajen 8 cikin 10, a ƙasashe marasa wadata su ke, inda likitocin ƙashi ba su da yawa.

A 1999 likitoci biyu, Shafique Pirani, haifaffen Yuganda mazaunin Kanada, da Norgrove Penny, suka fara koya wa ma'aikatan asibitin Yuganda wannan hanya. Wani ɗan ƙasar Holan da ke aiki a can, Michiel Steenbeek, ya tsara takalmi mai sanda wanda badukun gari da maƙera za su iya yi da fata da ƙarfe, a lokacin kuɗinsa bai kai dala 10 ba, alhali na Turai yana cin ɗaruruwa. A Malawi ma aka nuna cewa ma'aikacin asibiti da ba likita ba, in an koya masa da kyau, yana miƙe ƙafa daidai. Ƙungiyar Kirista ta CURE, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe asibitin yara masu nakasa a Kijabe ta Kenya a 1998, da Blantyre ta Malawi a 2002, da Yamai a 2010. A Gana da Kamaru ma asibitocin ikilisiyoyi sun buɗe ɗakunan gyaran ƙafar jarirai.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ilimi ya iso, saura yara su isa wurinsa da wuri. A nan ne aikin ya faɗo a kanmu.

Da fari, mu daina neman mai laifi. Sau da yawa uwa ce ke shan zargi, a ce ta tsallake wani abu tana da ciki, ko iska ta taɓa ta, ko alhaki ne ya kama gidan. Sai ta ɓoye jariri cikin zane har lokaci ya wuce. Mu da mu ke karanta Bishara ta Yohanna sura 9 mun san yadda Ubangijinmu ya ƙi ɗora laifin nakasar haihuwa a kan yaro ko iyayensa. Likitoci ma ba su sami wani abin da uwa ta tsallake ko ta taka da ke murɗe ƙafa ba.

Na biyu, kada a jira yaro ya yi wayo. Ko kafin suna ana iya kai shi. Maɗori gwani ne a wajen karaya, amma wannan ba karaya ba ce, karan ɗori da tsumma ba za su juya ƙasusuwan ba. Wanda ya riga ya fara tafiya ma kada a fid da zuciya, gama ana miƙe ƙafafun manyan yara, sai dai aikin ya fi tsawo, wani lokaci kuma sai an haɗa da fiɗa.

Na uku, takalmin dare. A nan ne aiki ya fi lalacewa. Iyaye su ga ƙafa ta miƙe, yaro yana kuka da takalmi, kaka ta ce a cire masa ya huta. Yawancin yaran da aka daina sa musu takalmin da wuri, ƙafar takan koma ta murɗe. Shekara 4 na sa takalmi kowane dare ba ƙaramin aiki ba ne ga mace ɗaya. Maigida ya sa hannu, zumuntar mata su riƙa leƙa gidan, ikilisiya kuma ta taimaka da kuɗin mota na makonnin siminti, gama sau da yawa kuɗin mota ne ke tsai da magani.

Mai bishara da matarsa, ungozoma, da malamin makaranta su ne ke fara ganin jarirai a ƙauye. Kowannensu ya tambayi asibitin da ke kusa da shi inda a ke yin wannan aiki, da ranar da a ke yi, ya rubuta ya ajiye. Ran da aka haifi irin wannan jariri a unguwa, na Kirista ne ko na Musulmi ko na mai bin al'adar gargajiya, sai ya je ya yi barka, ya gaya wa iyayen cewa ƙafar tana gyaruwa, ya kuma raka su zuwa asibiti a makon nan.